Igiyar Shanyar Inna

Ranar da likita ya ce wa Inna ta rage ƙiba ko hawan jini ya kwantar da ita, ta dawo gida tana neman inda za ta motsa jiki. A unguwarmu ta New Bell, a birnin Douala, matar aure ba ta gudu a titi. In ta gwada, kafin ta kai kasuwa an kai wa Baba labarin ta haukace.

Bayan la'asar sai ta kwance igiyar shanya, ta ɗaure zaninta tamau.

"Rufe ƙofa, 'yar nan," ta ce. "Zo ki koya mini tsallen nan naku."

Igiyar da sauran danshi, tana ƙamshin sabulun wanki. Duk dirar da Inna ta yi sai kwanuka su amsa. Ta harɗe, ta sake, gumi na zuba, muna dariya ƙasa-ƙasa kada maƙwabta su ji. Da ta gaji ta dafa kafaɗata tana haki.

"Sai na ga aurenki, kin ji?"

Ta gani kuwa, Allah ya jiƙanta. Yanzu a kan injin motsa jiki nake gudu a unguwar Bépanda, ba mai kallona. Amma duk inda na ji ƙamshin sabulun nan, sai na waiga na duba ko na rufe ƙofa.