Kwalba ta Huɗu

Sakamakon gwajin ya iso Anka bayan wata bakwai, Mamuda ya buɗe shi tun a tsaye.

Shi ne malamin asibitin da ke kula da masu tarin fuka, shi ya tattaro kwalaben kaki daga asibitocin yankin, masu bincike suka kai ƙasar waje. Can suka tantance ƙwayoyin cutar dangi-dangi. Kwalabe huɗu suka fito iri ɗaya sak, irin da ya fi ƙarfin manyan magungunan tarin guda biyu.

Uku daga ciki na matan aure ne, duk masu goyo: ɗaya a Gummi, ɗaya a Adabka, ɗaya a Sunke. Ba su taɓa haɗuwa ba. Ta Adabka har an yi mata sadakar arba'in.

Kwalba ta huɗu ta riga sauran da shekara guda. Rajista ta ce Aisatu Makau, Bukkuyum. Ta sha magani wata biyu, ta ji dama-dama, ta ɓace. Tana can tana yawo da cutar, kuma duk wanda ta shafa wa, babu maganinsa a nan kusa.

Kwana tara Mamuda yana bisa babur yana neman ta. Ko ranar sunan ɗiyarsa a tsaitsaye ya ci naman. Allah ya sa gida na hannu nagari, ga Iyatu, tsohuwar da gwaggonsa ta aiko ta yi wa matarsa Zaliha wankan jego. Ita ke hura wuta, ita ke kwana da su, ƙofa a rufe saboda sanyi.

A Bukkuyum kowa ya tambaya sai ya girgiza kai. Wa ke kama sunan yankan tsohuwa? Abin kunya ne, jikokinta ma ba su san shi ba.

Da la'asar aka kai shi wurin wani dattijo, Haladu, wanda ya girmi kowa a unguwar.

"Baba, Aisatu ɗiyar Makau nika nema. Rayuka na hannunta."

Haladu ya daɗe yana shafa gemu, sai ya yi dariya.

"Kai, rabon da in ji sunan ga tun muna yara! Ba ta zama wuri guda, gidan masu jego taka bi. Yanzu tana Anka, gidan wani malamin asibiti. Ka ce Iyatu, kowa ya san ta."