Ƙafar da Madu Ya Jeme

Madu majemi ne a Nguru, a shekarun da jirgin ƙasa ke lodin fatu zuwa Kano. In ya jeme maka fata da bagaruwa, sai dai ta tsufa, amma ba ta ruɓewa. Da wannan yake taƙama, kuma gaskiya ya iya.

Tun da damina jikinsa ya canza. Ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ba ya ƙarewa, ga rama kullum. Inda ya tsuguna kuwa, kafin ya juya baya kiyashi sun rufe wurin baƙi ƙirin. Yakan tura ƙasa da ƙafa ya binne, bai gaya wa kowa ba.

Wata rana da hantsi matarsa Falmata ta bi ɗigon jini tun daga zaure har gindin randa, inda ta same shi yana kwankwaɗar ruwa.

"Malam, me ka taka?" in ji ta.

Ya ɗaga ƙafa. Ƙayar aduwa ce ta nutse a tafin, tun daga majema yake tafe a kanta, ko ƙaiƙayi bai ji ba. Falmata ta zare ƙayar, shi kuwa dariya ma ya yi.

Wata ya mutu, wani ya kama, ciwo sai buɗe baki yake. Da ƙyar Falmata ta ja shi suka bi motar gyaɗa zuwa Gashuwa, wurin goggonsa Maiturare, tsohuwar da ta san itatuwa. Tsohuwa ta ce ya kau da kai, ta soka masa allura a babban yatsan ƙafa. Madu na ta kallon kogi abinsa, bai san an yi ba.

Ta ce, "Madu, kiyashi na bin fitsarinka?"

Ya gyaɗa kai.

"To, ciwon nan a jininka yake, ƙafa fita kawai ya yi. Ciwon sukari ake ce masa. Ka bar mazarƙwaila da dabino, ka daina shiga ruwan majema, ka je likita ya duba ka. Bagaruwa tana taimako, amma tsarma-tsarma, a wanke a bar shi a buɗe."

Duk bayanin nan kalma ɗaya ta shiga kunnen Madu. Ya ce, "Bagaruwa? Haba Goggo, ni za a koya wa bagaruwa?"

Da ya koma Nguru ko hanyar likita bai kalla ba. Ya daka bagaruwa mai kauri, irin wadda yake yi wa fatar bijimi, ya riƙa tsoma ƙafar safe da yamma. Ai kuwa ciwo ya rufe. Tafin ya yi tauri, ya yi baƙi yana sheƙi. Yakan ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa a gaban abokan aiki, su ji ƙwas-ƙwas, a yi ta yaba masa.

Amma wani wari ya soma zama a ɗakin, turaren wuta bai kore shi ba. Sannan ungulaye suka bar tarkacen majema suka dawo katangar gidansa. Da rana tsaka za su jeru, ba motsi, duk inda Madu ya gifta su juya wuya su bi shi da ido. Falmata ta yi jifa har ta gaji, sai dai su ɗan matsa. Tsoro ya hana ta cin abinci.

"Malam, don girman Allah mu je asibiti."

"Ciwon da ya warke?"

Ran wata Juma'a, zazzaɓi na kaɗa shi, ya zauna zai yi alwala. Ya zare takalmi, sai tafin ƙafar ya biyo takalmin gaba ɗaya, jemamme sumul. Abin da ke ƙarƙashinsa Falmata ta gani sau ɗaya, ta rufe ido tana salati. Ruɓa ta riga ta kai ƙashi.

Aka ɗora shi a jirgin Kano. Ba a kai tashar Malam Madori ba rai ya yi halinsa.

Jama'a, maganin itace magani ne, amma da awo da sanin cuta. Mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kullum, ciwon da ba ya zafi ko ya ƙi warkewa a kai shi asibiti da wuri. Rufewar bakin ciwo ba ita ce warkewa ba.