Gyalen da Shafi'u Ya Ɗaura

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo, muna ji!

"Kar ki kwance, Inna, sai masu allurar nan sun biya mu diyya," in ji Shafi'u, yana ƙara tamke hannun uwarsa da gyale.

Tun da aka yi wa Inna Wasila allurar rigakafin mura kafaɗarta ke ciwo. Baiwar Allah ta bar tuyar wainarta a unguwar Ambassatna, watanni hannu na rataye.

Da suka je asibiti neman diyyar, likita ya kwance gyalen, hannu ya ƙi ɗaguwa. Shafi'u har da murmushi.

"Hajiya, ai ciwon allura da tuni ya wuce," in ji likitan. "Ɗaurin nan ne ya sandarar da kafaɗar. Wa ya ɗaure ki?"

Tir! Shafi'u bai samu ko riyal ɗaya ba. Inna kuwa har yau sai an ɗaura mata ɗankwali.