Buzun Baba a Kan Keke

Yanzu ana sayar da rigar leda ta keke, na gan ta har a Jidda da Kumasi. A Ƙofar Sauri ta yarintarmu babu ita.

Wata la'asar hadari ya taso, zaure cike da buhunan gero, keken da Baba ke kai yadi ƙauyuka yana waje. Gudun kada ruwa ya lalata fatar sirdin, sai ya lulluɓe shi da buzunsa, ya ɗaure.

Inna ta ce, "Malam, buzun naka na salla?"

Ya ce, "Salla ko bisa ƙasa tana yiwuwa. Keken nan ke ciyar da mu."

Har yau ina jin warin jiƙaƙƙen gashin ragon nan. Daga ranar buzun ya zama na keke, Baba ya koma salla a tabarma.