Saura Kwana Ɗari da Talatin

Tun da aka haɗa shafin zuri'armu da rajistar ƙasa, ba mai rubuta komai da hannu. Gurbin suna, na unguwa, na aure, duk da kansu suke cikewa. In ka goge, kafin ka ɗaga yatsa sun dawo.

Da hantsi na buɗe shafin a wayata don in duba ɗakin da aka mayar da maigidana a asibiti. Gurbin ɗakin babu komai. A ƙarƙashin sunana kuwa, inda kullum nake ganin "matar aure", an sa: "Mai takaba. Saura kwana 130."

Na kife wayar, na ci gaba da tsince shinkafa.

Ban gama ba Yaya Sallau, wan mijina, ya yi sallama. Ya zauna bakin tabarma, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya sha ruwa. Mutanenmu ba sa faɗa wa mace mutuwa kai tsaye, sai an kai ta cikin dangi, inda akwai masu riƙe ta.

"Barira," ya ce, kansa a sunkuye, "jikin nasa ya ɗan matsa. Ɗauko mayafinki mu je."

"Yana magana, Yaya?"

"Yana yi. Har ya tambaye ki."

Ya san na gani. Duk dangi sun gani. Amma tun daga asibiti dattijon nan yake haɗa wannan maganar a ransa.

Na cire 'yan kunnena na ajiye a kan taga.

"To, Allah Ya ba shi lafiya," na ce.

"Amin," in ji shi.