Kakar Cuku a Ƙauyenmu

Kwana tara Farfesa Evaristo Cubillos ya yi a ƙauyenmu yana nuna cuku da yatsa. Haka aikin masana harshe yake. Ba ya furta sunan abu da bakinsa, sai dai ya nuna abu ya ce, “Me kuke kiran wannan?” Kuma wanda zai tambaya sai tsohon da bai taɓa shiga aji ba, bai taɓa taka Bogotá, babban birninmu, ba.

Duk ƙasar nan queso ake ce wa cuku. Mutanen Brazil su ce queijo, wasu Italiyawa su ce cacio, dukansu kuwa jikokin kalmar Latin ce guda, caseus, wadda Farfesa ya ce ta kwanta dama shekara dubu da ɗoriya. Sai ga Doña Herminia mai tatsar shanu ta dubi cukun, ta yi gyaran murya sau biyu, ta bankaro ƙirji ta ce, “Caseus.”

Saura kaɗan alƙalami ya suɓuce masa. Ya bi gida goma sha huɗu, ko'ina amsar ɗaya ce, da gyaran muryar da komai. Ya rubuta cewa wata tsohuwar al'ada ce ta girmama abinci. Dariyar da ake ƙunshewa a bayan ƙyaure kuwa ya kira ta kunyar mutanen karkara.

Bawan Allah, har tausayi ya ba ni. Shekararsa saba'in da biyu, sau uku yana neman kujera a majalisar masana harshe, sau uku ana ba wani. Yanzu ga kakar kalma da ranta a kan dutse, shi kaɗai ya gano ta. Rana ta bakwai ya aika da takardarsa birni a motar madara, ya sa hannu da sunansa manya-manya, har ya gayyato masanan su zo su ji da kunnensu.

Ranar da suka iso, su biyar, aka zaunar da Doña Herminia gaban na'urar ɗaukar murya. Farfesa ya yi gyaran murya sau biyu.

“Iya, faɗa wa manyan baƙi, a bakin wa kika fara jin wannan kalma? Kakarki ko?”

“Wace kakata, ranka ya daɗe? Ita queso take cewa kamar kowane mai hankali.” Ta gyara mayafin ulunta. “Shekara talatin da suka wuce, akwai wani sarkin iyayi da yake shiga rediyo duk Lahadi, wai mu ƙauyawa mun lalata harshe, ko sunan cukunmu ba mu iya ba, wai caseus ne sunan na asali. Shi ne muke kwaikwayonsa don nishaɗi, har abin ya bi bakin jikoki.”

Ta dube shi tana murmushi.

“Ai tun ranar da ka sauko daga mota ka yi gaisuwa muka gane muryarka.”