Fasfo ɗin Baba a Gwangwanin Alhaji Bawa

Ina ɗan shekara tara Baba ya tafi da ni shagon Alhaji Bawa a unguwar Sulay, a ƙasar Makka, bayan la'asar. Shi ne Bahaushen da ya fara kafa rumfa tun wurin yana fili, ga shi har ya mallaki sito uku na dabino. Ya buɗe gwangwanin biskit cike da fasfo ɗin mutane, ya miƙo hannu.

"Kawo naka, Malam Sani. A wurina ya fi tsira."

"Ranka ya daɗe, in zan je gida fa?"

"Gida kuma? Nan ina ne?"

Baba ya miƙa, amma bai saki ba sai da Alhaji ya ja. Har yau ana cewa Alhaji mutumin kirki ne. Wataƙila. Ni dai da idona na ga an ja.